Mai kai sammaci, fara cire gidanka daga taswira

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston, jihar Texas ta Amurka, da matata da yara biyu. Shekara huɗu ina tuƙin kai saƙo, bara na yi kwas na samu takardar shaidar kai sammaci. Tun daga nan wani babban kamfani ke turo mini takardun kotu ta manhaja, in kai, a biya ni abin da bai taka kara ya karya ba in an cire kuɗin mai. Na ce bari in tsaya da ƙafata. Wani ya kira ni a waya ya ce zai sa sunana a kundin 'yan kasuwa 300 na intanet, na ba shi dala 400. Wata biyar ke nan, ko lauya ɗaya bai kira ni ba, sai masu talla. Abin da ya fi damuna shi ne na buɗe shafi a Google na sa adireshin gidana. Wani mutum da na kai wa sammacin bashi ya nemo shafin, ya ba ni tauraro ɗaya, ya rubuta cewa ni ɗan damfara ne kuma ya san inda nake kwana. Tun ranar uwargida ba ta barci, ta ce ko in bar aikin ko ta kwashe yara ta koma wajen yayarta a Dallas. Abokina kuma ya ce mu tara mutum 20 cikin 'yan'uwa kowa ya ba ni tauraro biyar a binne na mutumin. Malam, in bar sana'ar ne, ko akwai yadda ake wannan talla da ban gane ba?

Ɗan'uwanku daga Houston

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya kyauta, ya tsare ka da iyalinka.

Zan fara da maganar uwargida, domin ita ce ba ta jiran gobe. Tana da gaskiya. Mutumin da sana'arsa ita ce ƙwanƙwasa ƙofar waɗanda ba sa marmarin ganinsa, bai kamata ƙofar gidansa ta zauna a kan taswirar da kowa ke buɗewa a waya ba. Mai gyaran famfo in ya sa adireshinsa, iyakaci a zo a same shi da ƙorafin ɗigon ruwa. Kai kuwa duk wanda ka miƙa wa takarda ka ɓata masa yini, wani ma ka ɓata masa shekara. Na san ɗan aike ne kai, wani ne ya kai shi ƙara, amma mai fushi ba ya tsayawa tantance wannan. Fuskarka ya gani a bakin ƙofa.

Saboda haka daren yau, kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton abin da mutumin ya rubuta, da sunan da ya yi amfani da shi, da kwanan wata. Sannan ka shiga shafinka na Google Business Profile ka ɓoye adireshin. Google ya raba sana'o'i gida biyu, akwai waɗanda abokin ciniki ke zuwa wurinsu, akwai waɗanda su ke bin abokin ciniki inda yake. Kana cikin na biyun, kuma ƙa'idar Google ɗin kanta cewa ta yi irinku su ɓoye adireshi su nuna yankunan da suke aiki. Wato kuskure za ka gyara, babu wani wayo a ciki. Google zai riƙe adireshin a wurinsa don tantancewa, jama'a kuma yanki kawai za su gani. An yarda ka sa yankuna har 20, muddin ba su wuce tafiyar kamar awa biyu a mota daga inda kake ba. Kada ka yi dabarar sa akwatin gidan waya ko ofishin haya na suna kawai a matsayin wurin sana'a, ƙa'idar ta hana, kuma ana dakatar da shafi a kan haka.

"Na san inda kake kwana" ba sharhin ciniki ba ne, barazana ce. Ka kai ƙorafinsa ga Google a matsayin tsangwama, ka kuma kira layin 'yan sanda na abubuwan da ba na gaggawa ba ka shigar da rahoto, ko da ba za su motsa a ranar ba. Abin da kake so shi ne a samu rubutacciyar shaida mai kwanan wata, in mutumin ya sake. Ka sanar da kamfanin da ya turo maka takardar domin lauyan mai ƙara ya sani. Tun 2021 dokar Texas ta tsananta hukuncin wanda ya kai wa mai kai sammaci hari a bakin aikinsa, amma doka bayan ɓarna take zuwa, rigakafi kuwa ya fi magani.

Dala 400 ɗin nan ta cuce ka sau biyu. Kuɗin sun tafi, wannan ɗaya. Na biyun ya fi ciwo: in mutumin ya yi aikin da ya ce, to adireshin gidanka ya watsu a wurare 300, kuma waɗannan kundaye juna suke kwafa. Akwai manyan rumbunan bayanai irin su Data Axle da Foursquare da ƙananan shafuka ke ɗiba daga gare su, shi ya sa za ka goge abu a nan ya sake tsirowa a can bayan wata biyu. Ka nemi mutumin ya turo maka jerin wuraren da ya sa ka da kalmomin sirrin shiga. In ya ɓace, ka rubuta lambar wayarka a Google, sannan adireshin gidan, sannan sunan sana'ar, ka ga abin da ya fito. Shafuka uku na farko su ne abin damuwa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana neman a gyara ko a cire. Aiki ne mai gundura, zai ci maka maraice da yawa. Ka kuma tuna da takardun gwamnati. In ka yi rajistar sunan kasuwanci a ofishin magatakardan gunduma, ko ka biya dala 300 ka kafa kamfani a ofishin sakataren jiha, adireshin da ka rubuta a can kowa na iya dubawa. Akwai masu ba da hayar adireshin karɓar wasiƙa da masu zama wakilin kamfani, ka tambayi ofishin wane iri suke karɓa ka sauya.

In ka gama wannan, zaunar da uwargida ka nuna mata a wayarta, ta nemi sunanka da hannunta ta ga gidan ya fita. Ka ba ta haƙuri kuma, ba tare da "amma" ba. Kai ka sa adireshin, ita da yara suke yini a cikin gidan.

To, mu zo kan tallan. Ina ganin tun farko ba ka zauna ka tambayi kanka wa kake kira ba. Mai sayar da takalmi yana son duk mai wucewa ya gan shi. Masu neman mai kai sammaci 'yan kaɗan ne, kuma kusan kamanninsu ɗaya. Ka ɗauka yau Alhamis ce, ƙarfe huɗu saura kwata, a wani ƙaramin ofishin lauya a Austin ko Chicago. Mataimakiyar lauya tana zaune da fayil a gabanta, wanda ake ƙara yana zaune a Sugar Land kusa da Houston, garin da ba ta taɓa takawa ba. In a kotun tarayya ne, doka ta ba su kwana 90 daga shigar da ƙara su isar da sammaci, ita kuma ta duba kalanda ta ga saura tara, ga maigidanta yana leƙowa yana tambaya. Ta buɗe Google, ta rubuta sunan sana'arku da Turanci, ta ƙara sunan gari ko gunduma. Sunaye uku suka fito a ƙarƙashin taswira. Ba za ta karanta tarihin rayuwar kowa ba. Idonta na neman abu huɗu ko biyar: yana da takardar shaida, yana zuwa wannan gundumar, zai fita yau ko gobe, nawa ne, yaushe takardar rantsuwa mai shaida cewa an isar da sammacin za ta dawo. Ta danna lambar farko. In ta yi ƙara sau biyar ba a ɗauka ba, ba za ta bar saƙo ba, ta wuce ta biyu. Wanda ya ɗauka ya ce "turo mini ta imel yanzu, zan je da safe," shi ya ci kasuwar, kuma in ya cika alkawari ba za ta sake bincike ba, lambarsa ta shiga littafin ofis.

Wannan matar ita ce kasuwarka. Bayan ita akwai masu shigar da ƙara da kansu ba lauya, a shari'ar saki ko ƙananan basussuka, sai kuma 'yan'uwanka masu kai sammaci na wasu garuruwa da takarda ta faɗo musu a Houston. Duk kundin da waɗannan mutane ba sa buɗewa, ko kyauta ne bai cancanci lokacinka ba. Kundaye 300 ɗin nan yawancinsu babu mai leƙa su sai na'urar tattara lambobin waya, shi ya sa masu talla ne kaɗai suka same ka. Araha ba ta ado.

Waɗanda ake buɗewa ba su cika yatsun hannu biyu ba. Google shi ne gaba, da nisa. Bing Places, kundin injin bincike na Microsoft, yana biye, kuma kada ka raina shi, kwamfutocin ofis da yawa da Bing suke zuwa kuma ba kowa ke sauyawa ba. Yana ma ba ka damar jawo bayananka daga Google kai tsaye. Kundin sana'o'i na Apple, da aka buɗe a Janairun 2023 da sunan Apple Business Connect, shi ke kula da yadda sana'a ke fitowa a kayan Apple. Sai Yelp, shafin da jama'a ke rubuta sharhi kan sana'o'i, sai BBB, mai karɓar ƙorafi da auna amincin 'yan kasuwa, wadda take nan tun 1912. Mutane da yawa suna zaton hukumar gwamnati ce, alhali ƙungiya ce mai zaman kanta, kuma tambarin amincewarta biya ake yi. Shafin kyauta ya ishe ka a yanzu.

Amma ga mai sana'arka, kundayen cikin gida sun fi waɗannan nauyi in ka cire Google. JBCC, hukumar ɓangaren shari'a ta Texas da ta ba ka takardar shaida, tana da jerin sunayen waɗanda ta tantance, kowa na iya bincikawa, kuma lauya mai taka-tsantsan yana leƙawa. Ka tabbata sunan da ke can shi ne harafi da harafi a sauran wurare. Akwai NAPPS, ƙungiyar masu kai sammaci ta ƙasa da aka kafa a 1982, kundin mambobinta shi ne inda abokan sana'a ke neman wanda za su tura wa aiki a garin da ba nasu ba. Ka karanta sharuɗɗan shiga ka ga ko ka cika su. Akwai ƙungiyar masu kai sammaci ta Texas, akwai kuma ServeNow, kundin biya ne da aka gina don wannan sana'a kaɗai. In za ka kashe kuɗi, a irin waɗannan za ka kashe, ɗaya bayan ɗaya, ba gaba ɗaya ba.

Ko'ina ka shiga, suna ɗaya, lamba ɗaya, shafin intanet ɗaya. Abin kamar wasa ne, amma in a nan kana "Sani Process", a can kana da wani suna mai ƙarin kalma, a wani wurin tsohuwar lambarka ce, na'ura za ta ɗauke ku mutum uku, mataimakiyar lauya kuma za ta ɗauke ka marar tsari. (Sunan nan misali ne kawai na ƙirƙira.) Ka guji cusa kalmomin talla cikin sunan, irin su "mafi sauri, mafi araha a Houston". Za ka ga wasu sun yi kuma suna sama, amma ƙa'idar Google ita ce sunan da ke shafi ya zama sunan da kake aiki da shi a zahiri, kuma abokin hamayya na iya kai ƙararka a sauke shafin. A wurin zaɓen rukuni, rukunin masu kai sammaci yana nan da sunansa, shi za ka zaɓa. Kada ka sa kanka cikin lauyoyi ko masu binciken sirri, waɗannan sana'o'i ne masu lasisinsu daban a Texas.

Google ya faɗi abubuwa uku da yake dubawa kafin ya jera sunaye: dacewar shafi da abin da aka nema, kusanci, da shahara. Ya kuma ce ba a sayen matsayi a wannan jeri. Duk wanda ya sake kiranka ya ce daga Google yake, ka biya a ɗaga ka ko za a rufe shafinka, kashe wayar. Shafin kyauta ne. Kusanci ba ya hannunka, shahara sai a hankali, dacewa kuwa aikin dare ɗaya ne.

An ba ka haruffa 750 na bayanin sana'a, kada ka ɓata su da "muna alfahari da gamsar da abokan hulɗa". Kowa haka yake rubutawa, babu mai karantawa. Ka rubuta da Turanci abin da ma'anarsa ta yi kama da haka: ina da takardar shaidar JBCC mai lamba kaza, ina aiki a gundumomin Harris, Fort Bend, Montgomery, Brazoria da Galveston, ina yin yunƙurin farko cikin kwana kaza, akwai na gaggawa a rana ɗaya, kowane yunƙuri yana da hoto, lokaci da shaidar wuri, takardar rantsuwa tana dawowa cikin awa kaza, ana turo takardu ta imel. Lambar shaidarka ba sirri ba ce, doka ma ta wajabta ka rubuta ta da ranar ƙarewarta a kan kowace takardar mayar da rahoton isarwa, don haka sa ta a fili. Texas tana da gundumomi 254, kada kwaɗayi ya sa ka rubuta "duk faɗin jiha". Gundumar Harris, inda Houston take, ita kaɗai ta haura mutum miliyan 4.7 a ƙidayar 2020. Ta ishe ka, har ta yi maka yawa.

Abin da ba ka iya yi ma ka san shi, kada ka tallata shi. A Texas ba a kai sammacin shari'ar farar hula ranar Lahadi sai a wasu keɓaɓɓun shari'o'i, saboda haka in ka rubuta "muna isarwa kwana bakwai a mako", lauyan da ya san aikinsa zai gane kai ne ba ka san naka ba. Haka takardun da suka shafi ƙwace kaya ko karɓe wuri, aikin sherif ne da kwanstabul, wato jami'an tsaro na gunduma, sai in kotu ta ba da umarni a rubuce. Abin da ya kamata ka ambata kuwa, tunda lauyoyi suna buƙatarsa, shi ne kana rubuta cikakken bayanin yunƙurin da bai yi nasara ba. Da wannan bayanin ne lauya ke roƙon alƙali ya yarda a isar ta wata hanya, kuma tun ƙarshen 2020 hanyoyin sun haɗa da imel da shafukan sada zumunta in kotu ta amince. Mai kai sammacin da ya dawo da "ban same shi ba" kawai, da wanda ya dawo da "na je Talata ƙarfe bakwai da minti goma na safe, farar mota mai lamba kaza tana ƙofar gida, maƙwabciya ta tabbatar yana zaune a nan", ba kuɗinsu ɗaya ba.

Farashi, ni ina ganin ka sa shi, ko da "daga dala kaza" ne. Wasu na ɓoyewa don kada a karya musu, amma mai gaggawa ba ta son wasan ɓuya. Hotuna kuma: kai cikin shiga ta mutunci in kana so, tambarin sana'a, ginin kotu daga waje. Ban da gidanka, ban da lambar motarka, ban da ƙofar kowa, ban da takardar kowa ko da ka rufe sunan. Lokutan aiki ka sa waɗanda za ka ɗauki waya da gaske. Ka nemi lamba ta daban don sana'a, wadda ba ta haɗe da sunan uwargida ko kuɗin wutar gida. Kana buƙatar ɗan shafin intanet naka na kanka ko da fuska ɗaya ce, domin na kyautar da Google ke bayarwa an rufe su a Maris 2024.

Shawarar abokinka kuwa, ka gode masa ka ajiye ta. Google yana gane sharhin da ya zubo lokaci guda daga mutanen da ba su taɓa hulɗa da sana'a ba, yana goge su, wani lokaci ya hukunta shafin. Tun Oktoban 2024 kuma hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, tana da ƙa'idar da ta haramta sharhin bogi, tarar tana iya haura dala 50,000 a kan kowane laifi. Amma ko babu Google babu FTC, akwai dalilin da ya shafe ka kai kaɗai. Me kake sayarwa? Tafiyar mota kowa na iya yi. Abin da lauya ke biya shi ne sa hannunka a ƙarƙashin rantsuwa cewa ka miƙa takarda ga wane, a wuri kaza, a lokaci kaza. Ranar da wanda ake ƙara ya tsaya gaban alƙali ya ce shi bai ga kowa ba, maganarka ce za a auna da tasa. Ka yi tunanin lauyansa ya ɗaga takarda ya ce, ranka ya daɗe, wannan mutumin sharhi 20 na shafinsa duk 'yan'uwansa ne suka rubuta. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sana'ar tana da tabo a wannan wuri, shi ya sa lauyoyi ke da saurin zargi. A 2009 babban lauyan jihar New York na lokacin, Andrew Cuomo, ya nemi a soke hukunce-hukunce kusan 100,000 da aka yanke wa mutane a bayan idonsu, bayan an gano wani kamfanin kai sammaci yana rantsuwa a kan takardun da bai kai ba. Bayan wannan ne birnin New York ya wajabta wa masu kai sammaci ɗaukar na'urar da ke nuna inda suke a lokacin isarwa. Kai da kake da hoto da lokaci da shaidar wuri a kan kowane aiki, kana riƙe da abin da ya fi tauraro 20.

Taurarin gaske kuma ana samun su, sai dai a hankali. Duk aikin da ka karɓa kai tsaye ka kammala, lokacin da kake tura takardar rantsuwa ka ƙara layi ɗaya a ƙasan imel: in aikin ya yi muku, ga inda za ku rubuta kalma biyu. Google ya yarda a roƙa, abin da ya hana shi ne a biya, ko a yi ragi, ko a zaɓi masu yabo kaɗai a roƙa. Yelp shi ko roƙon ma ba ya so, don haka can ka bar shi ya zo da kansa. Sharhi biyar daga ofisoshin lauyoyi da suka ce "ya same shi a yunƙuri na biyu, takarda ta dawo washegari" sun fi ɗari na "mutumin kirki ne".

In Google ya ƙi cire na mutumin nan, domin yakan ƙi, ka amsa sau ɗaya, a taƙaice, cikin sanyi. Wani abu kamar: ba mu da wannan suna cikin waɗanda suka ba mu aiki, aikinmu isar da takardun kotu ne bisa dokar Texas, kuma ba ma tattauna kowace shari'a a bainar jama'a. Kada ka ce ka kai masa sammaci, kada ka ambaci bashi, kada ka rama. Amsar ai don mataimakiyar lauyan nan ka rubuta ta. Ta saba ganin irin wannan, ta san mai kai sammacin da ba a taɓa zagi ba bai daɗe a aiki ba. Yadda ka riƙe harshenka take dubawa.

Wani abu da kundi ba zai yi maka ba: zuwa da kai ya fi aike, kai ma shaida ne tunda da shi kake ci. Ka ware safiya ɗaya a mako ka zaga ƙananan ofisoshin lauyoyin iyali da na bashi da na haɗurra, ka bar kati a hannun mai zama a teburin gaba, ka tambayi sunan wanda ke tura sammaci. Manyan ofisoshi suna da kwangila da manyan kamfanoni, masu lauya ɗaya ko biyu su ne naka. Bayan ka fita za su nemi sunanka a Google, a nan ne gyaran da ka yi zai yi magana. Sai dai kafin ka fara, ɗauko yarjejeniyarka da kamfanin da ke turo maka aiki ka karanta, da yawa suna hana ka neman lauyoyin da ka sani ta hanyarsu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kada kuma ka yi saurin sallamarsu, abin da suke biya kaɗan ne amma shi ke zuba mai a mota har naka su taru.

Duk wanda ya kira, tambaye shi a ina ya ga sunanka, ka rubuta a littafi tare da abin da aikin ya kawo. Kundin biya ka ba shi wata uku zuwa shida, in bai mayar da kuɗinsa ba ka fita, kuma ka duba sharaɗin sabuntawa kafin ka ba da lambar katinka, wasu sukan ci gaba da cira shiru.

Batun barin sana'a, ba ni zan yanke ba, ba kuma kai kaɗai ba. Abin da zan ce shi ne wata biyar ɗin da suka wuce ba gwaji ba ne, tunda a inda babu masu saye ka baza kaya. Ka roƙi uwargida ta ba ka wata shida, ku rubuta sharuɗɗan tare: gidan ya fita daga intanet, akwai kyamara a ƙofa, kana gaya mata unguwar da za ka kafin ka fita, ba ka zuwa gidan da aka ce mai shi yana da tarihin tashin hankali sai da rakiya ko ka mayar da aikin, kuma ku sa adadin ofisoshin da kuke so su zama naku kafin wa'adin. In mutumin nan ya sake ko da kalma ɗaya, ko aka ga baƙuwar mota tana zarya a layinku, ta tafi Dallas da yara na ɗan lokaci ba tare da gardama ba, kai kuma ka koma wurin 'yan sanda da lambar rahotonka na farko. In wata shidan suka cika ku zauna da littafin nan ku duba. Ka rubuto mini abin da kuka gani a ciki, ka kuma gaishe ta.